Abin da Ya Tsiro a Bishiyar Baba

Zurgu, ƙarshen Satumba

Zuwa ga Yayata Barira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Malam Sadiƙ da yara. Ya jikin Humaira, haƙoran sun gama fitowa ta bar ku kun yi barci? Mu nan alhamdu lillahi, sai abin da ba a rasa ba. Inna ta ce a gaida mutanen Kano. Kin san dai sunanki ba zai fito daga bakinta ba, 'yar fari.

Na san za ki yi mamaki, ga waya a hannu amma na zauna ina rubutu, da wannan hannun nawa da tun a firamare malamai suka haƙura da shi. Dalili shi ne, tun da idon Baba ya tafi kunnensa ya ƙaru. Ko bayan rumbu na zagaya na kira ki, in na dawo sai ya maimaita mini abin da na faɗa. Inna kuwa da ta ji muryarki sai ta zo ta tsaya tana tsintar tsakuwar da babu ita a cikin shinkafa. Maganar da zan yi miki ba ta kunnensu ba ce. Zan ba Baballe direba ya miƙo miki in ya shiga Kano da kaya.

Jikin Baba yana nan yadda kika bar shi da Sallah, sai dai ƙafafun sun ƙara kumbura. Ni nake fito da shi hantsi, ni nake yi masa wanka, ni nake mayar da shi. Maganin asibitin Rano yana sha, ba mu fasa ba.

Maganar ta bishiyar bayan gida ce, wadda ya ɗauko daga Jos a gwangwanin madara lokacin yana lebura a gandun daji, tun ba a haife ni ba. Mai ganye kamar allurar nan, da yake ce mata fayin, mutanen gari kuma suna ce mata bishiyar Turawa. Kin san duk ƙasar Rano babu irinta, kin kuma san ta bushe tun bara waccan. Abin da ba ki sani ba shi ne wasiyyar da ya yi mini a kanta. Da ta bushe ya kira ni ɗakinsa, ya ce in ta Allah ta kasance, da itacenta yake so a jera a rufe masa ɗan kabari kafin a zuba ƙasa. Ya ce kada a je ana sarar darbejiyar mutane saboda shi. Ya ce: «Ni na ɗauko ta a hannuna tana kamar tsinken tsintsiya. Ita ma ta ɗauke ni.» Ya ce in sare ta, in yanka daidai faɗin kabari, in ajiye inda ruwa ba zai taɓa ba.

Na wasa gatari. Ban kai ga bishiyar ba Inna ta fito ta riƙe ƙotar, ta ce: «Muntari, ubanka yana numfashi za ka sara masa itacen kabari? To fara ta kaina.» Baba yana ji daga ɗaki, ya ce in bari. Na bari. Na ce a raina busasshen itace a tsaye ba inda za shi.

To a daminar nan wani abu ya tsiro a gindinta, ta gefen da ruwan wanke-wanke yake bi. Dangin naman kaza ne, amma ba irin lemar kwaɗin da muke gani a juji ba. Wannan a jikin itacen yake manne, kamar an raba faifai biyu an kafa rabin. Samansa ja-ja ne mai duhu, bakinsa fari sol, ƙasansa kuma cike da 'yan ramuka kamar an tsattsaga da allura. Da safe sai ki ga yana tsattsafo da ruwa kamar mai gumi. Na duba matattun itatuwa har bakin rafi, ban ga irinsa ko ɗaya ba. A wannan bishiyar kaɗai yake.

Dije maƙwabciyarmu ta zo aron rariya ta gan shi. Ta dafe ƙirji ta ce wannan ai kunnen bishiya ne, kakarta ta ce duk bishiyar da ta yi wa mai ita kunne, magani ta fitar masa. Inna ta yanko, ta shanya, ta dafa da kanunfari ta ba Baba. Allah da ikonsa ranar ya yi barci mai kyau, washegari ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. Shi ke nan. Yanzu kullum da hantsi tukunyar tana kan wuta.

Ni kuwa Yaya, na je na tsuguna na duba. Na sa tsinin wuƙa a ƙarƙashin kunnen, ta shige kamar a dafaffen rogo. Itacen wurin ya koma ruwan ƙasa, ya tsattsage gida-gida kamar dunƙulen magi, in kin murza sai ya zama gari. Abin nan ba zaune yake a jikin bishiyar ba, cinta yake yi. Kin kuma ga yadda kaburbura suke ruftawa a maƙabartarmu da damina in itacen ba shi da ƙwari.

Ban gaya wa kowa ba. Ke ce babba, ki ba ni shawara. Ki gaida Malam Sadiƙ, ki shafa mini kan yara.

Naki ƙaninki,
Muntari

Zurgu, tsakiyar Disamba

Yaya Barira,

Sallama da gaisuwa irin ta zumunci. Ya gida, ya sanyi, ya ɗawainiyar yara? Amsarki ta iso ta hannun Baballe tare da bargon da sabulun. Baba ya shafa bargon ya ce wannan ai na masu sarauta ne, Allah ya yi miki albarka. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Girbin dawa ni kaɗai na yi shi bana, in na dawo gida biro ma nauyi yake yi mini.

Kin ce in zaunar da Inna in gaya mata gaskiya kai tsaye. Na yi. Na same ta tana tankaɗe, na ce mata abin nan da take yanka yana cin bishiyar, in aka daɗe ba za a samu ko guntun da zai yi aikin da Baba ya ce ba. Ba ta ɗago ba. Ta ce: «Wane aiki?» Na fara kame-kame. Ta ce: «Faɗi mana, tunda bakinka ya iya. Wane aiki?» Na kasa. Sai ta ce ita mijinta take jinya, ni kuwa kabarinsa nake jinya, kowa ya riƙe nasa. Yaya, maganar nan ta kwana biyu tana yi mini ciwo. Ni da nake ɗaukarsa a bayana kullum.

Na yi tsammanin in damina ta wuce abin zai bushe da kansa, a huta. Ya fara bushewa kuwa, bakin nan fari ya koma kamar tsohuwar fata. Da Inna ta ga haka sai ta tashi tsaye. Ta sa fartanya ta karkato da magudanar wanke-wanke har gindin bishiyar. Ta samo tsofaffin buhunan algarara ta naɗe ta da su har ƙugu, safe da yamma tana jiƙa su. Ta kafa zana ta gefen gabas saboda iska. Ko jariri ba a yi masa wannan hidimar. Abin kuwa ya ji daɗi, ya dawo da ransa, har 'ya'ya ya yi, suna hawa kan juna kamar matakala.

Ki tambaye ni wa yake kawo ruwan. Rijiyar gida ta ja baya, sai famfon bakin masallaci. Ni nake tura kura da jarkoki, in kawo na sha, na girki, na wankan Baba, sannan in koma in kawo na bishiya. Ran nan ina tura kurar na tsaya a tsakiyar hanya na yi dariya ni kaɗai. Mutum ya bar mini amana in adana masa itace, ga ni ina jan ruwan da za a ruɓar da shi. Na taɓa gwada rage jarka ɗaya. Sai Inna ta ɗauki bokiti ta nufi famfo da ƙafar nan tata mai ciwo. Na bi ta na karɓa. Ban sake ragewa ba.

Labari kuma ya fita gari, kin san bakin Dije. Mata suna zuwa daga Yalwa, ran nan har wata tsohuwa daga Unguwar Gai ta Kibiya ta hau babur ta zo, wai jikanta ne ba ya barci. Inna ba ta hana kowa, tana gutsura musu kamar goro, tana gaya musu yadda ake dafawa kamar tun tana yarinya take wannan sana'a. Dije kuwa ta zama mai gabatar da baƙi. Da ta ga na tsaya ina kallonsu ta ce: «Kai Muntari, saki fuskar nan mana, sai ka ce kai aka yanka. Da wannan fuskar wa zai ba ka 'yarsa?» Matan suka yi ta dariya. Ni ma na yi, me zan ce.

Amma gaskiya ɗaya zan gaya miki. Rabon da in ga Inna da kuzari haka tun kafin ciwon Baba. Tana tashi da wuri, tana magana da mutane, har waƙa na ji tana yi a bakin murhu. Da can zama take yi a ƙofar ɗakinsa ta zuba tagumi. Wannan ma yana cikin abin da ya ɗaure mini hannu.

Jikin Baba kuwa ban ga ya ƙaru da komai ba. Wata rana ya ci, wata rana ya ƙi. In ya ci, Inna ta ce kunnen ne. In ya ƙi, ta ce jiya bai dahu sosai ba.

In babu kowa ina zagayawa in ƙwanƙwasa bishiyar da ƙotar fartanya. Inda take da rai tana amsawa kau-kau. Inda ta mutu sai ki ji bup, kamar kin bugi katifa. A watan Satumba bup ɗin a gwiwata yake. Yanzu ya kai ƙirjina.

Na gaji, Yaya, amma ba irin gajiyar da barci yake magani ba. Ki sa mu a addu'a. Gaisuwa ga maigida da yara.

Ƙaninki,
Muntari

Zurgu, Fabrairu

Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku baki ɗaya. Na ji ta waya cewa Zulkifilu ya yi zazzaɓi, ina fata ya warware ya koma makaranta.

Kin rubuto cewa in tashi da sassafe in sare ta kawai, in Inna ta yi fushi za ta huce. Yaya, ke kina Kano. Ni ne zan ci gaba da karɓar tuwo daga hannunta. In kuma na sare yau, gobe jikin Baba ya tashi, me za ta ce har ƙarshen rayuwarta? Me garin nan zai ce? Ba faɗa nake yi miki ba, na san damuwa ce ta sa.

Da na kai Baba asibitin Rano ganin wata, na ɓoye guntun kunnen a aljihu na nuna wa ma'aikaciyar da take duba shi. Ta jujjuya shi, ta shinshina, ta ce ita ba ta san shi ba, kuma abin da ba a sani ba gara a bar ba mara lafiya, a tsaya a kan ƙwayoyinsa. Na kawo wa Inna wannan saƙon. Ta ce yarinyar da aka haifa jiya, in ba ta san shi ba laifin wa? Abin da na samu dai ta rage yawan da take zubawa a tukunya.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, Inna ta tafi barkar haihuwa. Baba ya ce in kai shi wurin bishiyarsa, ya daɗe bai gaishe ta ba. Na goya shi na zagaya, na sauke shi ta gefen yamma inda babu buhu sosai, na ɗaga hannunsa sama na ɗora inda na san da sauran ƙwari. Ya shafa, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya kara kunne. Sai ya ce in sake shi. Ya dafa ta yana bin jikinta da hannu, yana jan ƙafa, yana yin ƙasa, har ya taɓa jiƙaƙƙen buhu. Ya cusa hannu ciki. Ya daɗe a haka. Ya ɓalli kaɗan daga itacen, ya murza, ya kai hanci.

Na tsaya kamar wanda aka kama da sata. Ya ce: «Mayar da ni.»

Da na kwantar da shi sai ya riƙe mini riga. Ya ce a Jos, in wannan abin ya fito a jikin gungume, janye shi suke yi gefe su cinna masa wuta don kada ya shafi sauran. Ya ce: «Tun kofin farko na gane warinsa, Muntari. Na yi shekaru ina shaƙarsa.» Na ce to Baba me ya sa kake sha? Ya ce: «In na ce mata ba magani ba ne, me za ta riƙe? Ka ji tana waƙa kuwa?» Na ce na ji.

Na ɗauka maganar ta ƙare ke nan, ya yafe itacen, ni ma in sauke kayan da ke kaina. Har na miƙe. Sai na ji ya ce, a hankali, kamar yaron da yake jin kunyar roƙon nama: «Amma fa ina son itacena.»

Yaya, na tsaya ina jira ya ce in sare, ko ya ce in bari. Bai ce ko ɗaya ba. Ya juya fuska bango. Ya ce bai gina soro ba, bai je Makka ba, gonar ma ta gado ce. Abin da ya kawo garin nan da hannunsa wanda ba a taɓa gani ba, ita ce kaɗai. Daga nan na fita.

Da Inna ta dawo ta ɗumama masa ruwan kunnen ta kai masa. Ina daga tsakar gida na ji ya shanye, na ji ya ce mata: «Sannu Jumai, yau ya fi na jiya daɗi.» Ta fito tana murmushi.

To kin ji inda muke. Shi ya sani, ba zai faɗa ba. Ita ba ta son sani. Ni kuma ina tsakiya da kurar ruwa. Bup ɗin ya wuce inda hannuna yake kaiwa, sai na taka turmi nake jin ƙarshensa. Azumi ya kusa, bayansa zafi, bayansa ruwa. In damina ta same ta a tsaye, ban ga abin da zai rage ba.

Ba shawara nake nema wannan karon ba. So nake kawai wani ya sani tare da ni. Allah ya kai mu watan lafiya.

Naki,
Muntari

Zurgu, ƙarshen Afrilu

Zuwa ga Yaya Barira,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, barka da Sallah, ko da yake ta daɗe da wucewa. Ya zafi a wajenku? Na san haihuwar ƙanwar Malam Sadiƙ ce ta hana ki zuwa, Inna ma ta ce ba komai. Allah ya raya.

An sare bishiyar, Yaya. Bari in gaya miki yadda aka yi, don a waya na ce miki kawai an sare.

Baba bai yi azumi ba bana, kuma tun bayan Sallah abincinsa ya koma kunu, shi ma 'yan kurɓi. Inna ta ƙara wa bishiyar ruwa, ta ƙara buhu. Ranar Talata da hantsi ta je yankan kunnen. Na ƙasa sun ƙare, sai wani babba da ya fito sama kaɗan. Ta dafa jikin bishiyar da hannun hagu don ta yi miƙa, sai hannun ya burma ciki har wuyan hannu. Ina gyaran rumbu na ji ta yi salati. Na zo na same ta tsaye, hannunta cike da garin nan mai ruwan ƙasa, tururuwa suna bin yatsunta. Ta dube ni ta ce: «Haka cikinta yake?» Na ce haka yake. Ta ɗaga kai ta bi bishiyar da kallo. Ta ce: «Har ina?» Na ce ban sani ba, amma saman yana da sauran ƙwari. Ta ce: «Shi ya sani?» Na ce ya sani tun kafin azumi.

Ranar ba ta ɗora tukunyar ba. Ta shiga ɗakinsa ta zauna har la'asar. Ban ji suna magana ba, sai motsin mafici.

Washegari na dawo daga sallar asuba na tarar da gatari jingine a ƙofar ɗakina. An kwance buhunan, an ninke su gefe. Inna ta riga ta sa mayafi. Ta ce za ta Yalwa duba 'yar'uwarta, sai yamma. Ta kai bakin zaure ta tsaya, ba ta juyo ba, ta ce: «Ka karkatar da ita gabas, kada ta faɗa mini kan akurkin kaji.» Ta fita.

Na kira Malam Abdurrahim mijin Dije ya riƙe mini igiya. Dije ta biyo shi tana cewa wannan ɓarna har ina, mutane za su zo neman magani. Mijin ya ce mata: «Ke dai je ki ɗora mana shayi, likita.» Saran bai ɗauki komai ba. Gatarin nutsewa yake yi. Kafin in yi gumi ta yi ƙara ta tafi, gindin ya fashe kamar an bugi suri, ga wasu fararen zare kamar auduga shimfiɗe a cikin tsagogin. Bishiyar da muka yi wasa a ƙarƙashinta, Yaya. Na ɗan zauna kafin in ci gaba.

Na fara yanka daga ƙasa ina yin sama. Duk inda na sara, gari. Na matsa, gari. Sai na ji murya daga ɗakin Baba, muryar da rabon da in ji ta da ƙarfi haka na manta: «Ba nan ba! Ƙara gaba!» Ashe saurare yake yi. Na ƙara. «Gaba dai!» Malam Abdurrahim yana dariya yana tsokanar Baba, wai yau Malam Dalhatu ya koma bakin aiki. Muka yi ta haka, ina sara yana kora ni gaba, har na wuce rabin bishiyar, raina ya fara ɓaci. Can sai gatarin ya yi tsalle a hannuna, ya ce kau. Itacen ya fito fari-fari, ƙamshin ƙaron nan nata ya tashi ya cika gidan, wanda muke ji da muna yara in rana ta buge ta. Daga ɗakin ban sake jin komai ba.

Na yanka abin da ya samu daidai faɗin da ake bukata, na feƙe duk inda na ga ɗigon ruwan ƙasa. Na jera su a kan tabarma don in gwada. Ba su isa ba. Daga kai zuwa ƙugu suka tsaya. Da a bara waccan ne, da an rufe mutum uku.

Na ɗauki ɗaya na kai masa, na ɗora masa a cinya, na gaya masa gaskiya. Ya rungume shi yana shinshinawa. Ya ce: «Daga kai zuwa ƙugu? Ai an gama. Sauran a sa darbejiya, ƙafafu ba za su gane bambanci ba.» Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ni na kasa yi.

Sauran ruɓaɓɓen na kwashe na kai bayan gari na ƙone, har da kunnuwan. Masu kyau kuma na rasa inda zan kai su kafin Inna ta dawo, don kada ta shigo ta yi ido biyu da su. Na tura su bayan rumbu na rufe da kara.

Ta dawo gab da magariba. Ba ta kalli inda bishiyar take ba. Ta yi alwala, ta yi salla, ta dama kunu ta kai masa. Ina zaune a tsakar gida sai ga ta ta zagaya bayan rumbu, na ji tana yaye karan. Ta daɗe. Da ta fito ta ce: «Muntari, wane irin sakarci ne wannan? A ƙasa? Kafin sati gara ta gama da su.» Na ce gobe zan nemi wuri. Ta ce ba gobe ba, yanzu. Ta sa na kawo duwatsu na jera a ƙarƙashin gadonta, na ɗora itacen a kai ɗaya bayan ɗaya, tana riƙe mini fitila tana cewa in matsa da wancan daga jikin bango. Da na gama ta sauke zanin gado ya rufe su. Ta ce: «Nan ba abin da zai taɓa su. Je ka ci abinci.»

A kansu take kwana yanzu.

Yaya, kada ki jira babbar Sallah. Ki nemi izinin Malam Sadiƙ ki biyo Baballe ranar kasuwa, ki zo da yaran. Baba yana tambayarki, kuma Inna tana bukatar wadda za ta zauna kusa da ita, ko da ba za ta faɗa ba.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Muntari Dalhatu